Daga Bakin Kwata Ake Gyaran Kududdufi

A bayan gidan da na tashi, cikin birnin Kano, akwai wani kududdufi wanda tun ina yaro nake jin manya suna cewa daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina rabin unguwar. Ko a wancan lokacin ba ruwan sha ba ne, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa a haka, amma ana wanke doki a bakinsa, agwagi suna iyo a ciki, magina suna ɗibar ruwansa su kwaɓa ƙasa, mu kuma yara muna kama tarwaɗa da ƙugiya idan ruwa ya fara ja da baya a ƙarshen kaka. A daminar bara na je gida na tarar samarin unguwa sun yi aikin gayya na kwana biyu, sun kwashe kainuwa da leda da robobin ruwa, sun tara su tsibi-tsibi a gefe, har fuskar ruwan ta bayyana bayan shekaru da yawa ba a gan ta ba. Na yaba musu ƙwarai, na kuma ba da abin da ya sawwaƙa na sayen ruwan sanyi. Da na sake komawa bayan mako biyar, sai na iske ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka, yana wani irin wari da ya fi na da, kainuwa kuma ta fara sake shimfiɗa tabarmarta daga kusurwar gabas. Ɗaya daga cikin samarin ya ce mini, “Yaya, aikin baban giwa muka yi ke nan?”

Ban iya ba shi amsa a tsaye ba, amma tambayar ta bi ni har gida, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Washegari da safe muka zaga kududdufin ni da yayana, muna duban ƙasa maimakon duban ruwa, sai muka ƙirga kwatoci bakwai da suke zuba a cikinsa dare da rana. Akwai mai ɗauke da ruwan wanka da wanke-wanke, akwai wadda ta fito daga wani gida da ake kiwon shanun fawa, akwai ta wurin wankin mota da babur, akwai kuma guda biyu da hanci kaɗai ya isa ya gaya wa mutum cewa an haɗa su da masai. Tsibin kainuwar da samari suka tara a bakin ruwa kuwa ya ruɓe a inda yake, ruwan sama ya wanke ruɓaɓɓen ya mayar da shi cikin kududdufin. Wato abin da aka fitar da guminsu ya koma ta ƙofar baya, kwatocin kuma ko na minti ɗaya ba su daina aikinsu ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi rayuwarsa yana ginin ƙasa, shi ne ya ba ni rabin bayanin da nake nema. Na ce masa, “Baba, me ya sa a zamaninku wannan ruwan bai lalace haka ba?” Ya ce, “Ɗana, ai a zamaninmu yakan mutu kowace shekara. Da bazara ta yi sai ya ƙafe, mu shiga mu haƙi ƙasarsa mu buga tubali, masu jakai su kwashi baƙar lakar su kai gona. Yanzu wa ke ginin ƙasa? Kuma ta yaya zai ƙafe alhali kowane gida da rijiyar burtsatse?” Na daɗe ina juya wannan magana. Kududdufin da ke bushewa a rani, rana ta gasa gindinsa, a kuma kwashe lakarsa, ana yi masa wankan shekara ne ba tare da kowa ya kira abin da sunan gyara ba. Da bulon siminti ya kori tubali, takin zamani ya rage darajar takin gari, ruwan kwata kuma ya yawaita har ya hana ramin ƙafewa, sai hanyar fita ta toshe aka bar hanyar shiga a buɗe.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a Kano. Tarihin garin ya ambaci Jakara da sunan Kurmin Baƙin Ruwa tun zamanin su Barbushe, kodayake baƙin wancan lokaci na inuwar itatuwa da ruɓaɓɓen ganye ne. Baturen nan Clapperton da ya shigo birnin a 1824 ya ba da labarin wata fadama da ta ratsa gari a gefen kasuwa ana zuba mata shara, Barth ma da ya zo a 1851 ya ambaci Jakara. Abin da ya sauya shi ne yawan mutane da irin abin da suke zubarwa. A yau Jakara tana kwasar ruwan kwatocin birni da na mayanka, ta haɗu da rafin Getsi wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare su zuba a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Duk wanda ya fahimci abin da ke faruwa a ƙaramin kududdufin bayan gidansu ya fahimci Wasai, domin ciwon ɗaya ne, girma kawai ya bambanta.

Manomi ya fi kowa saurin gane ciwon. A jikin buhun takin zamani akwai haruffa uku, NPK, na farko naitirojin, na biyu fosfaras, na uku fotash. Abin da ke sa gero ya yi duhu a gona shi ne dai ke sa ruwa ya yi kore, domin fitsari da bayan gida da kashin dabbobi da ragowar abinci da wasu nau'o'in garin sabulu duk cike suke da naitirojin da fosfaras. Idan suka taru a ruwan da ba ya gudu, ga rana ga ɗumi, sai gansakuka ta hayayyafa. Ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru, kuma cikin 'yan kwanaki suna iya ninka yawansu sau da dama. Shi ya sa kwashe kainuwar da samarinmu suka yi ya zo da abin da ba su zata ba. Kainuwa tana shan takin da ke cikin ruwa, tana kuma yi masa rumfa, to da aka ɗauke rumfar aka bar takin, sai rana ta sauka kai tsaye a kan ruwa mai ƙiba, gansakuka ta samu fili babu kishiya.

Daga nan ne maganar numfashi ke shigowa, domin kifi ma numfashi yake yi, da iskar oksijin da ta narke a ruwa. Wannan iska kaɗan ce ainun. Ruwan da ɗuminsa ya kai digiri 30 bai iya riƙe fiye da kimanin miligiram bakwai da rabi a kowace lita, kuma duk lokacin da zafi ya ƙaru abin da yake riƙewa raguwa yake yi. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin kamar kowane tsiro, amma da dare sai ta juya tana shaƙa, ga kuma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da matacciyar gansakuka a gindi su ma suna shaƙa. Saboda haka lokacin da iska ta fi ƙaranci a ruwa shi ne gab da asuba, kuma duk mai kiwon kifi ya san da asuba ake tarar da karfasa ta taso tana haƙilon buɗe baki a saman ruwa, ko ta juya ciki sama. Tarwaɗa takan jure saboda Allah ya hore mata wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuwa huhu gare ta. Don haka idan aka ji masunta suna cewa wani tafki babu abin da ya rage a cikinsa sai tarwaɗa, labarin ruwan suke bayarwa, ko da su a ganinsu labarin kifi ne. Haka kuma mutuwar kifi da ake gani bayan ruwan farko na damina, wadda wasu kan ɗora wa guba ko iskokai, sau da yawa sanyin ruwan sama da iska ne suka juya tafkin, ruwan gindi marar numfashi ya taso sama, ga kuma dattin rani gaba ɗaya da kwatoci suka kwararo a dare guda.

Akwai wani nau'in gansakuka mai launin shuɗi-kore da ke taruwa a gefen da iska ta kora shi kamar an zubar da fenti, kuma wasu daga cikin irinsa suna fitar da dafi mai lalata hanta, wanda tafasa ruwa ba ta kashe shi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar kuma suka danganta mutuwar da dafin irin wannan gansakuka a tafkunan da suke sha. A 2014 an hana mutanen birnin Toledo na Amurka, kusan mutum 400,000, shan ruwan famfo na kimanin kwana uku saboda shi. Na kawo wannan ne don makiyayan da ke shayar da dabbobi a tafkunan ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ragu ya yi kauri.

Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta ita ce wanne daga cikin sinadaran nan ne babban mai laifi, kuma hanyar da aka bi aka raba gardamar tana burge ni saboda sauƙinta. A 1973, a wani yanki na gwaji da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada, wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka sami wani tafki mai siririn ƙugu, wanda suke kira Tafki na 226, suka raba shi biyu da labulen roba. Ɓangarorin biyu duka aka zuba musu naitirojin da kabon, amma ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya rikiɗe ya zama kore, ɗayan ya zauna garau, kuma hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya yi aikin da dogayen rahotanni suka kasa yi wajen shawo kan masu yin doka su rage fosfaras a sabulu da ruwan masai. A tafkunanmu na ƙasashe masu zafi naitirojin ma yana da nasa kason laifin, amma tunda daga kwata ɗaya suke fitowa su biyun, wannan bai sauya abin da ya kamata a yi ba.

Misalin da ya fi nuna abin da toshe kwata ke haifarwa shi ne na Tafkin Washington da ke gefen birnin Seattle na Amurka. A shekarun 1950 unguwannin da ke kewaye da shi suna zuba masa ruwan masai da aka ɗan tace, ruwan ya fara duhu, wani malamin jami'a mai suna Edmondson ya yi ta gargaɗi bayan an gano irin gansakukar nan mai shuɗi-kore a 1955. A 1958 jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka amince a kafa hukumar da za ta ɗauki nauyin aikin da kuɗinsu, aka fara karkatar da bututan a 1963, aka gama a 1968. Ba a zuba wa tafkin magani ba, ba a yashe shi ba. A 1964 mutum ba ya iya ganin abin da ya wuce zurfin santimita 75 a cikinsa, amma zuwa 1968 ana gani har mita uku, kuma ya ci gaba da washewa a shekarun da suka biyo baya. Sai dai akwai abin da masu ba da wannan labari sukan tsallake. Mutanen Seattle suna da teku a gefensu, can suka mayar da ruwan bayan sun tace shi. Mu a Kano ba mu da teku. Duk ruwan da muka kawar daga bayan gidanmu yana sauka ne a lambun wani mai latas da karas a bakin Jakara, daga nan kuma ya dawo mana a faranti. Saboda haka karkatarwa kaɗai ba ta wadatar da mu, sai an haɗa da tacewa.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya fi kusa da maganar Baba magini, daga wani ƙaramin tafki marar zurfi mai suna Trummen a garin Växjö na ƙasar Suwidin. An daina zuba masa ƙazanta a ƙarshen shekarun 1950, amma aka yi shekara goma ana jira bai warke ba. Dalili shi ne baƙar lakar da ta taru a gindinsa ta zama rumbun taki. Muddin akwai oksijin a gindin ruwa, fosfaras yakan maƙale a jikin sinadarin ƙarfe da ke cikin laka ya zauna lafiya, amma da zarar iskar ta ƙare sai ya saki jiki ya koma cikin ruwa, gansakuka ta ci, ta mutu, ta nutse, ta ƙara cinye iskar, a sake komawa farko. Sai da aka zuƙe wannan laka da injina a 1970 da 1971 sannan tafkin ya farfaɗo. Tafkin Washington mai zurfi ne, ruwan koguna masu tsabta kuma suna ratsa shi, shi ya sa ya warkar da kansa. Kududdufanmu dangin Trummen ne, marasa zurfi, marasa mafita, masu tsohuwar laka.

Idan aka haɗa labaran nan biyu, tsarin aikin ya fito fili, kuma a ganina kuskurenmu mafi yawa a jerin aikin yake, wato muna fara abin da ya kamata ya zo daga baya. Yashe kududdufi alhali kwatoci suna zuba kamar share ɗaki ne a tsakiyar guguwa da taga a buɗe. Abu na farko shi ne a raba masai da kwata, kuma wannan ba ya buƙatar injiniya, yana buƙatar mai unguwa da liman da duba-gari su tsaya a kan magana ɗaya, a kuma taimaka wa gidan da ba shi da halin haƙa ramin kansa. Ruwan wanka da wanke-wanke kuwa, wanda ba yadda za a yi a hana shi fita, ana iya sa shi ya huta kafin ya shiga kududdufi. A bakin kowace babbar kwata a sa ragar ƙarfe da za ta tare leda, bayanta a haƙa rami mai ɗan faɗi inda ruwa zai tsaya yashi da dauɗa su kwanta, wanda za a riƙa kwashewa da shebur, daga nan ruwan ya ratsa ta wani fili marar zurfi da aka shuka wa ciyayin fadama. Tsohon kwatamin ƙofar gida da iyayenmu suke kwashewa da yamma wannan aikin yake yi a ƙaramin mataki, mu ne muka raina shi. A gabashin birnin Kolkata na Indiya akwai fadamu masu faɗin kimanin hekta 12,500 inda ruwan ƙazantar birni ke bi ta jerin tafkuna marasa zurfi, rana da gansakuka su tace shi, a kuma yi kiwon kifi da noman kayan lambu da shi, har aka sa wurin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2002. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta.

Sai dai a kan zaɓen ciyawar dole a yi hattara, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kacala tana cikin ciyayin da suka fi iya tace ruwa, amma mutanen Hadeja da Nguru sun san ta da wata fuska. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da ambaliya ya kuma janye a rani ya koma gudana duk shekara, kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ita ma wannan, idan aka lura, maganar Baba ce, wato wurin da aka hana shi bushewa. Wanda zai shuka kacala a bakin kududdufi sai ya killace ta, ya kuma ɗauki alkawarin yanke ta a kai a kai.

Yankan nan shi ne asirin duka, har ga kainuwa. Muna yi mata kirari da dashen Allah, kuma gaskiya ne babu mai shuka ta, amma duk kwandon kainuwa da aka fitar daga ruwa aka kai nesa, kwandon taki ne aka rage wa kududdufin. Abin da ya fi shi ne a bar ta ta rufe wani sashe na ruwan, a tare ta da gora ko igiya, a riƙa ɗiba kowane mako ana kaiwa inda za a yi takin gargajiya da ita, maimakon a bari ta rufe ko'ina sannan a kwashe gaba ɗaya a rana guda. Barinta ta yi yawa ma yana da nasa sharrin, don akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. A arewacin Sanagal, inda tsargiya ta yi ƙamari bayan gina madatsar Diama a 1986, an yi wani gwaji a ƙauyuka 16 wanda aka wallafa sakamakonsa a 2023. An riƙa cire ciyawar da ke cikin ruwa a mashigan da mutane ke wanka da ɗiban ruwa, domin a jikinta dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar yake zama, sai aka ga kamuwar yara 'yan makaranta ta ragu, ciyawar kuma aka mayar da ita taki da abincin dabbobi. Duk wanda ya yi wanka a kududdufi yana yaro a ƙasar Hausa ya san fitsarin jini, har wasu suna ɗaukarsa alamar balaga. Ƙwayar maganin da ake rabawa a makarantu tana kashe tsutsar da ke jiki, amma yaron da ya koma ruwan da ake fitsari a ciki, ga dodon-koɗi, zai sake ɗauka.

Yashewa tana zuwa ne bayan an gama da kwatoci, kuma lokacinta bazara, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa. Idan da hali a janye ragowar da injin ban-ruwa a bar gindin ya tsage a rana, a kwashe baƙar lakar har a kai ga jar ƙasa, a kuma kai ta inda ruwan sama ba zai dawo da ita ba. A nan akwai iyaka da ba a tsallakewa. Lakar kududdufin da ruwan gidaje kaɗai ke shiga taki ce bayan ta bushe sosai, amma wadda ta sha ruwan majema na zamani, ko na masu gyaran batir, ko baƙin man gareji, ba ta zuwa gona. Kuromiyam da ake jima da shi da dalma da makamantansu ba sa ruɓewa, ba sa ƙonewa a rana, suna nan a laka har jikoki. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu wurare sun sha auna irin waɗannan ƙarafa a ruwa da ƙasar bakin Jakara da Challawa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 kuma ta gurɓata har tafkunan da ake wanke garin dutsen a cikinsu, ya isa ya nuna cewa wani dattin ba a gyara shi da aikin gayya. Irin wannan sai an tare shi a ƙofar masana'anta, kuma aikin hukuma ne.

Gajerun hanyoyi kuwa ba na ganin alherinsu. Alif yana kwantar da dauɗa, garin ƙwayar zogale ma haka, kuma suna da amfani a randa ko a duro, har ma a ƙasashen da suka riga suka toshe kwatocinsu akan zuba alif a tafki don ya ɗaure fosfaras a gindi, amma zuba shi a ruwan da ƙazanta ke shiga kullum asarar kuɗi ce. Fesa maganin ciyawa a kan kainuwa yana kashe ta ne ta nutse ta ruɓe a ciki, ta tafi da sauran iskar da ta rage. Zuba baƙin mai don kashe tsutsar sauro, ko maganin ƙwari na gamalin don kama kifi, gyaran gangar Auzinawa ne, domin yana kashe ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwarin da su ne ke cin tsutsar sauron tun farko.

Hanyar da ta fi kowace karɓuwa a birni yanzu ita ce a cike kududdufin da shara da ɓaraguzai a yanka filaye, kuma na fahimci mai wannan ra'ayi, musamman uwar da ɗanta ya taɓa faɗawa ciki ko wadda ba ta iya buɗe tagarta saboda wari. Amma ramukan nan su ne randunan da ruwan watan Agusta ke sauka a ciki. Ruwan da ya saba kwana a kududdufi ba ya fasa zuwa don an gina shago a wurin, sai dai ya nemi zaure da tsakar gida mafi kusa, kuma gidan da aka gina a kan shara ba ya rabuwa da danshi da tsagewar bango. Babbar matsalar kududdufin birni ita ce ba shi da uba. A ƙauye tafki yana da sarkin ruwa wanda ke faɗin ranar da za a shiga su da ranar da za a fita, kamar yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar biki, amma a birni kowa yana da hakkin zubawa, babu mai alhakin kwashewa, har ranar da wani zai zo da takarda ya ce filinsa ne.

Kafin na baro gida na nemi tsohon murfin kwano fari, na huda tsakiyarsa, na zura igiya na ɗaura masa dutse a ƙasa, na yi wa igiyar ƙulli a kowane santimita goma. Wannan shi ne ma'aunin da wani malamin Italiya mai suna Secchi ya fara amfani da irinsa a 1865, kuma har yau da shi masana ke auna hasken ruwa: a sauke shi a hankali har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Na miƙa wa yaron nan da ya yi mini tambaya, muka je gefen da ya fi zurfi ya sauke, murfin ya ɓace kafin ƙulli na biyu ya taɓa ruwa. Ya rubuta a bayan littafinsa da kwanan wata, muka yi alkawarin zai riƙa aunawa kowace Juma'a da hantsi. Mai unguwa ya yi magana da gidajen nan biyu da suka haɗa masai da kwata, ɗaya ya riga ya haƙa raminsa, ɗayan ya nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa bayan kaka. Mai wankin mota har yanzu yana cewa ruwansa kumfa ce kawai. Samari sun sa ragar ƙarfe a bakin babbar kwatar gabas, Baba magini kuma ya ce idan Allah ya kai mu bazara shi zai nuna musu inda jar ƙasa ta fara, don ya san gindin ramin nan tun yana ɗaukar tubali a ka.